Juma'ar Da Ba Za Ta Yi Kyau Ba: Yadda Ake Gane Ƙungiyar Ƙwallon Gorar Ƙanƙara Da Za Ta Ba Da Kunya

(Jawabin da aka gabatar a babban zauren taron ɗalibai, a daren laccar wasanni)



Tun ran da aka liƙa sanarwar wannan jawabi muka ji wasu abokanmu suna dariya, suna cewa ina ruwan mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firiji, ko wadda takan zubo tare da ruwan farkon damina, da wasan da ake yi a kan daskararren ruwa a Kanada da Amurka? Tambayar tana kan hanya, don haka da ita za mu fara.

Dalilinmu na farko shi ne, da a ce ƙwallon ƙafa muka ɗauko, da ba za mu kai ko'ina ba. Da mun ambaci wata ƙungiya ta Ingila ko ta Sifen sai zauren nan ya rabu biyu, kowa ya kare tasa, a tashi ba a fahimci kome ba. Amma a wannan wasa ba mu da uwa ba mu da uba, saboda haka hankalinmu zai iya yin aikinsa ba tare da son zuciya ya sa masa hannu ba. Dalili na biyu kuwa ya fi nauyi. Wayar da ke aljihun kowannenmu tana kawo wa samari jerin sunayen waɗannan ƙungiyoyi cikin dare, ana kiransu su yi kintace su zuba kuɗi, kuma akwai masu zuba kuɗin abincinsu ko wani yanki na ɗan albashinsu a kan wasan da ba su san ko mutum nawa ke buga shi ba. Muna fata wanda ya saurare mu zuwa ƙarshe zai ga yawan sa'ar da ke cikin wannan wasa, ya sake tunani. Daɗin daɗawa, wasan bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba, domin mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga babbar gasarsa, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi cikin 1975, kafin iyayensa su koma Kanada.

SIFFAR WASAN A TAƘAICE

Waɗanda suka yi ƙwallon gora a sakandare sun riga sun san rabin labarin. Bambancin shi ne fili na ƙanƙara ne, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, 'yan wasa kuma suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa da suke zamewa a kai. Abin da ake bugawa wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, kamar gwangwanin man goge takalmi. Kowane gefe mutum 6 ne har da mai tsaron gida, raga kuwa faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4. Ana yin zango 3, kowanne minti 20, kuma saboda tsananin gudu ɗan wasa ba ya wuce wajen daƙiƙa 45 sai a sauya shi.

Babbar gasar duniya ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal cikin 1917. Daga 2021 ƙungiyoyinta suka kai 32, watau 25 a Amurka, 7 a Kanada. Shekaru da yawa kowace ƙungiya wasanni 82 take bugawa a kaka ɗaya, kuma duk lissafin da za mu kawo a kan wannan adadi yake, ko da yake yarjejeniyar da aka ƙulla cikin 2025 ta mai da su 84 daga kakar 2026-27. Wanda ya ci wasa yana da maki 2, wanda aka cinye bayan ƙarin lokaci yana da maki 1. Ƙungiyoyi 16 ne ke shiga zagayen neman Kofin Stanley, kuma galibi wajen maki 95 ake bukata kafin a sami shiga.

Sai mu fayyace abin da muke nema. Ƙungiyar da kowa ya san ba ta da ƙarfi, in ta zo ta ƙarshe ba ta ba kowa kunya ba, gama ba wanda ya sa rai a kanta. Wadda muke nema ita ce wadda 'yan jarida da magoya baya suka ɗora a kan doki, suka yi mata kirari, kaka ta ƙare aka same ta a ƙasa. Ke nan abu biyu muke aunawa, ƙarfin ƙungiya na ainihi da kuma zaton da mutane suka yi mata. Shi zato kuwa kusan kullum daga teburin bara ake gina shi. Aikinmu shi ne mu gano inda teburin bara ya yi ƙarya.

ALAMA TA FARKO: SA'AR DA TA YI YAWA

Hausawa sun ce sa'a ta fi sammako, amma ba su ce sa'a tana zama wuri ɗaya ba. A wannan wasa ci bai da yawa, wajen 6 ne a wasa in an haɗa na ɓangarorin biyu, kuma faifan yakan daki ƙafar wani ko sandar wani ya karkace ya shiga raga ba da nufin kowa ba. A gasar gaba ɗaya, cikin kowane hari 100 da aka kai raga wajen 10 ne ke shiga, masu tsaron gida su tare wajen 90. Masu ƙididdiga sukan haɗa waɗannan biyun ga kowace ƙungiya, watau kashin da ta ci cikin hare-harenta da kashin da mai tsaron gidanta ya tare, su kira jimlar PDO. Mu dai za mu kira ta ma'aunin sa'a. Tun da duk cin da wani ya yi wani aka ci, tilas matsakaicin gasar ya zama 100 daidai. Ƙungiyar da ta haura 100 sosai, ko dai tana da gwanaye na ban mamaki, ko kuwa sa'a ce ta ziyarce ta, kuma tarihin gasar ya nuna na biyun ya fi yawa.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Ƙungiya takan kai hari wajen 30 a wasa, watau kusan 2,460 a wasanni 82. In sa'a ta ƙara mata kashi 1 tak cikin 100, ta sami ƙarin ci wajen 25. In mai tsaron gidanta shi ma ya sami irin wannan ƙari, an rage mata wajen 25. Jimla ci 50 ke nan. Masu ƙididdiga sun lura ratar ci 3 takan kawo maki 1, saboda haka muna maganar maki 16 ko fiye. Ƙungiyar da ƙarfinta na maki 95 ne sai a gan ta da 111, a ce ta zama gagara-badau, alhali ba abin da ya sauya a jikinta.

Ɗaliban ƙididdiga da ke cikinmu sun san sunan abin da ke biyo baya. Tun 1886 wani Baturen Ingila, Francis Galton, ya nuna cewa 'ya'yan dogayen mutane sukan yi tsawo, amma galibi ba su kai iyayensu ba, sukan matso kusa da matsakaici. Haka abin yake a wasa. William Karlsson ya ci 6 a kakar 2016-17 yana Columbus. Da ya koma Vegas ya ci 43 a kakar 2017-18, domin fiye da kashi 23 cikin 100 na hare-harensa sun shiga raga. Kaka ta gaba 24 ya ci. Mutumin bai lalace ba, ya dai dawo matsayinsa ne.

Ƙungiya ma haka take. Seattle Kraken ta sami maki 60 a kakarta ta farko, 2021-22. A kaka ta biyu ta yi tsalle zuwa 100, kusan duk wanda ya buga a cikinsu sai ta shiga. Aka ce sabuwar ƙarfi ta fito. A kakar 2023-24 ta koma 81, ba ta shiga zagayen kofi ba, aka sallami mai horar da ita. Vancouver Canucks ta sami maki 109 a kakar 2023-24, ta zo ta ɗaya a rukuninta, ma'aunin sa'arta kuwa yana can sama duk kakar. Brock Boeser ya ci 40. A kakar 2024-25 ya ci 25, ƙungiyar ta tsaya a 90, ta zauna gida.

ALAMA TA BIYU: WA KE RIƘE DA FAIFAN?

To, in ci yana yaudara, me za mu dogara da shi? Masu nazarin wasan sun ga cewa abin da ya fi dawwama daga kaka zuwa kaka shi ne yawan harin da ƙungiya ke kaiwa, in an gwada da wanda ake kai mata, a lokacin da ake wasa biyar da biyar, ba wanda aka kora waje don laifi. Suna ƙirga duk yunƙuri, wanda ya isa raga da wanda ya kauce da wanda aka tare a hanya. Ana kiran wannan ƙididdiga Corsi, sunan wani mai horar da masu tsaron gida a Buffalo, Jim Corsi. Hikimar ita ce ci kaɗan ne, sa'a tana iya juya shi, amma yunƙuri dubbai ne a kaka, sa'a ba ta iya ɗaukarsu duka. Ƙungiyar da kullum a gidanta ake wasa, tana ta karewa, ko tana cin wasanni a yau bashi take ci.

Misalin da ya fi shahara shi ne Colorado Avalanche a kakar 2013-14. Sabon mai horarwa ya zo, Patrick Roy, wanda a zamaninsa yana cikin manyan masu tsaron gida na tarihi. Ƙungiyar ta sami maki 112, ta zo ta ɗaya a rukuninta, aka ba Roy kyautar gwarzon mai horarwa. Amma wajen riƙon faifai tana cikin na ƙasa-ƙasa, mai tsaron gidanta Semyon Varlamov ya fi kowa fuskantar hari a gasar, kuma ta ci galibin wasannin da aka tashi da ratar ci ɗaya. Masu ƙididdiga suka ce wannan ba zai ɗore ba, aka yi musu ba'a, aka ce mutanen da ba su taɓa riƙe sanda ba ne. Kaka ta gaba Colorado ta sami 90, ta zo ta ƙarshe a rukunin da ta shugabanta.

Toronto Maple Leafs ta bi wannan hanya a kakar 2013-14. Ana yi mata ruwan hare-hare dare bayan dare, tana tsira, har watan Maris tana cikin masu shiga zagayen kofi. Daga nan aka cinye ta 12 cikin wasanni 14 na ƙarshe. Calgary Flames ta sami 97 a kakar 2014-15 da irin wannan wasa, tana yawan farfaɗowa a zango na uku. Kaka ta gaba 77 ta samu.

A ƙarƙashin wannan alama akwai wata ƙaramar dabara da kowa zai iya yi da fensir. A duba ratar cin da ƙungiya ta yi da wanda aka yi mata. Ottawa Senators a kakar 2016-17 ta sami maki 98, har ta kai gab da wasan ƙarshe, ci ɗaya tak ya hana ta, a ƙarin lokaci na biyu na wasa na bakwai da Pittsburgh. Amma a duk kakar an ci ta fiye da yadda ta ci. Shugabanninta suka ɗauka saura ƙiris, suka shiga cinikin 'yan wasa don su cike giɓin. A kakar 2017-18 maki 67 ta samu, ta zo ta 30 cikin 31.

ALAMA TA UKU: JINKA A HANNU ƊAYA

Babu wani wasan ƙungiya da mutum ɗaya ke da tasiri irin na mai tsaron gida a wannan wasa, kuma babu wanda ya fi shi wuyar kintace. Jacob Markstrom na Calgary ya tare sama da kashi 92 cikin 100 a kakar 2021-22, wasanni 9 ba a ci shi ko ɗaya ba, ƙungiyar ta sami maki 111. Kaka ta gaba ya sauko wajen kashi 89, ƙungiyar ta sami 93, ba ta shiga zagayen kofi ba. Kashi 3 ƙaramin abu ne a kunne, amma ku tuna lissafinmu na ɗazu.

Montreal Canadiens ta kai wasan ƙarshe cikin 2021 a kan kafaɗar Carey Price, ko da yake Tampa Bay ce ta ɗauki kofin. Kaka ta gaba Price wasanni 5 kawai ya buga, kyaftin ɗinsu Shea Weber bai buga ko ɗaya ba saboda raunuka, ƙungiyar ta zo ta ƙarshe a gasar duka da maki 55. Vancouver da muka ambata ita ma mai tsaron gidanta Thatcher Demko wasanni 23 kawai ya iya bugawa a kakar da ta faɗi. Saboda haka in kun ga ƙungiyar da duk labarin nasararta sunan mutum ɗaya ne, ku tambaya: in ya ji ciwo a gwiwa cikin Nuwamba, wa zai tsaya a ragar? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ALAMA TA HUƊU: SAYEN SUNA

Wannan ita ce alamar da ta fi yaudarar 'yan jarida, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Bincike ya nuna 'yan wasan gaba sukan kai ƙololuwar ƙarfinsu ne a tsakiyar shekarunsu na ashirin. Dokar gasar kuwa ba ta sakin ɗan wasa ya tafi inda ya ga dama sai ya kai shekara 27, ko ya yi kaka 7. Ma'ana, ranar 1 ga Yuli da ake buɗe kasuwa, yawancin manyan sunayen da ke cikinta sun riga sun ba da mafi kyawun shekarunsu ga wata ƙungiya. Mai saye yana biyan kuɗin aikin da aka yi wa wani jiya.

Abin da ya ƙara wa wannan kuskure tsada shi ne iyakar albashi. Bayan rikicin da ya sa aka soke kakar 2004-05 ɗungurungum, aka kafa doka cewa akwai adadin da ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta duka. An fara da dala miliyan 39 a kakar 2005-06, ya kai miliyan 88 a kakar 2024-25. Kwantiragin ɗan wasa kuwa tabbatacce ne, ko ya tsufa ko ya gaza sai an biya, kuma ko an sallame shi wani kaso na kuɗin yana nan cikin lissafin iyakar. Duk dalar da aka ba tsohon gwarzo, an hana ta wani saurayi mai tasowa.

Ku dubi Nashville Predators. Ta sami maki 99 a kakar 2023-24. Ran 1 ga Yuli 2024 ta ɗauki Steven Stamkos, mai shekara 34, wanda ya ɗauki kofi sau biyu da Tampa Bay, da Jonathan Marchessault mai shekara 33, da Brady Skjei, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 108 in an haɗa. Aka yi ta shela cewa ita ce ta ci kasuwar bana, wasu har suna ambaton kofi. Kaka ta ƙare tana da maki 68, tana cikin uku na ƙarshe a gasar. An ce da tsohuwar zuma ake magani, to, amma ba a ce a shiga tsere da ita ba.

Iyakar albashi tana cizon zakaru ma. Chicago Blackhawks ta ɗauki kofi cikin 2010, amma kafin kaka ta gaba ta fara tilas ta rabu da Dustin Byfuglien da Andrew Ladd da Kris Versteeg, har da mai tsaron gidan da ya ci mata kofin, Antti Niemi, don kuɗi ya ƙi isa. Daga maki 112 ta sauko 97, da kyar ta shiga zagayen kofi, aka fitar da ita a zagayen farko. Nasara takan sa kowane ɗan wasa ya nemi ƙarin albashi, iyaka kuwa ba ta motsawa don wani ya ci kofi.

ALAMA TA BIYAR: KYAUTAR GWARZON MAI HORARWA

Wannan za ta ba ku dariya, amma ku saurari jerin. Kyautar Jack Adams ana ba da ita ga mai horarwan da ya fi fice a kaka, kuma masu zaɓe sukan ba wanda ƙungiyarsa ta wuce zato. Wuce zato kuwa, kamar yadda muka gani, sau da yawa aikin sa'a ne da na mai tsaron gida. Paul MacLean na Ottawa ya karɓa cikin 2013, aka sallame shi a Disamba 2014. Bob Hartley na Calgary ya karɓa cikin 2015, aka sallame shi cikin 2016. Gerard Gallant na Vegas ya karɓa cikin 2018, aka sallame shi a Janairu 2020. Darryl Sutter na Calgary ya karɓa cikin 2022, aka sallame shi cikin 2023. Jim Montgomery na Boston ya karɓa cikin 2023, aka sallame shi a Nuwamba 2024. Waɗannan mutane ba su manta aikinsu cikin shekara ɗaya ba. An yaba musu ne a kan abin da ba nasu ba ne duka, sa'an nan aka hore su a kan abin da ba laifinsu ba ne duka.

A nan muke roƙon baƙinmu ma'aikata su ɗan tsaya su yi tunani. Wata rana fayil zai zo teburinku, a ce ku auna wani jami'in gona da amfanin da aka samu a yankinsa, ko wani shugaban makaranta da sakamakon jarrabawar shekara ɗaya. Kafin ku rubuta yabo ko zargi, ku tambaya ko damina ce ta yi kyau, ko kuwa aji ne mai hazaƙa ya zo wucewa.

GWAJIN DABARAR, DA INDA TAKE KASAWA

Mai kintace na gaskiya tilas ya yarda a gwada shi. Da a ce mun zauna a bazarar 2024 da waɗannan alamomi, da mun sa wa Vancouver alama saboda sa'a, mun sa wa Nashville saboda sayen suna. Da mun sa wa New York Rangers, wadda ta fi kowa maki a kakar 2023-24 da 114, amma ƙarfinta ya dogara ga mai tsaron gida Igor Shesterkin da kuma cin da take yi in an kori abokin hamayya waje, wasanta na biyar da biyar kuwa matsakaici ne. Da mun sa wa Boston Bruins, wadda ta sami 109 amma ta sayar da ɗaya daga cikin masu tsaron gidanta biyu, Linus Ullmark. Duka huɗun ba su shiga zagayen kofi ba cikin 2025. Rangers ta tsaya a 85, Boston a 76.

Amma kada mu yi wa kanmu kirari da yawa. Ita wannan Boston, da mun sa mata alama tun bazarar 2023, lokacin da Patrice Bergeron da David Krejci suka yi ritaya bayan kakar da ta kafa tarihi da nasara 65 da maki 135. Lalle ta sauko, amma zuwa 109, wanda ya fi abin da mutane da yawa suka zata. Da mun yi kuskuren shekara ɗaya cur. Da kuma mun sa wa Winnipeg Jets alama cikin 2024, mu ce maki 110 ɗinta aikin Connor Hellebuyck ne shi kaɗai. Sai ga ta ta sami 116 a kakar 2024-25, ta fi kowa, shi kuwa aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya. Wani mai tsaron gidan gwani ne na ainihi, ba baƙon sa'a ba.

In aka zo zagayen kofi kuwa, lissafi yakan rushe gaba ɗaya, domin wasanni 7 ba su isa su wanke sa'a ba. Tampa Bay ta ci wasanni 62 a kakar 2018-19, Columbus ta fitar da ita a zagayen farko, wasa 4 ba ko ɗaya. A wannan kaka ce St. Louis Blues, wadda take ta ƙarshe a gasar a farkon Janairu 2019, ta ɗauki kofin cikin Yuni. Boston mai maki 135, Florida mai maki 92 ce ta fitar da ita, bayan Boston tana gaba da wasa 3 da 1. Dabararmu tana karkata ma'auni ne kawai, ba ta ba da tabbaci. Wanda ya ce muku yana da tabbaci a kan wannan wasa, ku riƙe aljihunku.

KAMMALAWA

Ga kintacenmu, kuma muna so a rubuta shi a ajiye. Ku ɗauki teburin kakar da ta wuce, ku ware ƙungiyoyi goma na sama. A cikinsu ku nemi wadda ma'aunin sa'arta ya haura 100 sosai, wadda ake kai mata hari fiye da yadda take kaiwa a biyar da biyar, wadda mai tsaron gidanta ya yi kakar da bai taɓa yin irinta ba, wadda ta zuba manyan kuɗi a kan 'yan wasan da suka haura shekara 30, da wadda mai horar da ita ya karɓi kyauta. Wadda ta haɗa biyu daga cikin waɗannan, ku rage mata zato. Wadda ta haɗa uku, mun ce za ta sauko, ko da duk jaridun Toronto da New York sun ce ita ce mai kofi. Za mu yi daidai fiye da yadda za mu yi kuskure, amma za mu yi kuskure, kuma in Allah ya kai mu watan Afrilu, lokacin da ake rufe tebur, muna shirye mu dawo wannan zaure a yi mana hisabi.

Malam Shugaba, mun ga kana duban agogo.  Masu tambaya, bisimilla.